Gaisuwar shekarar Sinawa da kayan sallarmu

Jama'a, duk wanda ke saro kaya daga Guangzhou ko Yiwu ya san lokacin nan da wayar abokin cinikinsa ke yin shiru. Ka aika saƙo ba amsa, kwantena ba labari, sai ka ji ɗan kasuwa a Arzeke ta Paraku yana cewa an cuce shi. Sau da yawa ba cuta ba ce, mutanen sun tafi gida bikin sabuwar shekararsu ne, yadda mu ma muke rufe rumfa ranar idi.

Lissafinsu na bin tsayuwar wata, shi ya sa ranar ke yawo tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. A 2025 ranar 29 ga Janairu ce, a 2026 ranar 17 ga Fabrairu, a 2027 kuma 6 ga Fabrairu. Ku duba da kyau: a 2026 da 2027 bikin na gab da kamawar azumi. Hutun gwamnati bai fi mako guda da 'yan kwanaki ba, amma ma'aikatan masana'antu kan koma ƙauyukansu, wasu sai an yi makonni uku ko huɗu. Jirgin ruwa kuwa kan ci fiye da wata kafin ya iso Kwatano, ga duwan, ga hanyar mota zuwa Paraku, Jugu ko Malanbil. Wanda ya jira ganin watan azumi kafin ya yi odar yadi da takalman sallah, to sai dai ya sayar da su a babbar sallah.

Saboda haka muke cewa a san ranar, a kuma koyi gaisuwar. "Shin niyan kwai la" na nufin barka da sabuwar shekara. "Gung shi fa tsai", wanda mutanen Guangzhou ke furtawa "kung hei fat coi", ma'anarsa ina taya ka murna, ka yi arziki. Akwai kuma ta 'yan kasuwa zalla, "shang yi shing lung", wato ciniki ya bunƙasa. Mene ne bambancinta da namu "a yi kasuwa lafiya"? Kakanninmu fatake da suka bi ta Jugu zuwa Gwanja neman goro sun koyi gaisuwar Dendi da ta Bariba, kuma bai rage musu komai ba.

Mun ji masu cewa wannan kwaikwayon addinin wasu ne. Gaskiya ne a bikin akwai ƙona turare ga kakanni da roƙon abin da suke kira ubangijin dukiya, kuma wannan ba namu ba ne, ba mu ce a shiga ba. Fatawa ta malamai ce. Amma kalmomin nan uku babu sunan abin bauta a cikinsu, fatan alheri ne kawai.

A kula da kyauta. Suna sa kuɗi cikin jar ambulan, "hung bao", su ba yara da ma'aikata, kamar goron sallah. Yanzu har ta WeChat ake aikawa. Kada adadin ya ƙunshi 4, domin furucinta ya yi kama da kalmar mutuwa, 8 kuwa suna sonta don ta yi kama da arziki. Agogon bango ma ba a ba su, domin faɗar "ba da agogo" a harshensu kamar a ce rakiyar gawa ne.

Batun bashi kuma, al'adarsu ce a biya shi kafin shekara ta juya. In abokin cinikinka ya matsa maka a Janairu, ba raini ba ne, shi ma ma'aikatansa na jiran haƙƙinsu kafin su kama hanyar gida.