Kafin a Shafa Fatiha, a Tambayi Takardar Albashi

A garuruwan kudancin Jihar Sakkwato, daga Tambuwal har zuwa Fakku a ƙaramar hukumar Kebbe, tafiyar miji ba baƙon abu ba ce. Da an kawar da amfanin gona, maza kan fita cin-rani, kuma tun a shekarun 1950 wani masanin ilimin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi nazari kan wannan fita ta mazan lardin Sakkwato. Amma mai cin-rani yana da ranar dawowa: da hadari ya fara haɗuwa, ana sa ran ganinsa. Tafiyar yau daban take. Likitan da ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko ma'aikacin jinya, ko injiniya, ya tafi Ingila ko Amurka ko Saudiyya, ya zo gida hutun mako uku, an ɗaura masa aure, ya koma da alƙawarin “da na isa zan aiko da takardu”. Daga nan amarya ta zauna a ɗakin uwarta ko gidan surukai tana ƙirga watanni.

Abin da ke riƙe waɗannan takardu, a mafi yawan lokuta, kuɗi ne. Ba kuɗin jirgi ba, a'a, shaidar da gwamnatin can take nema cewa mijin yana da samun da zai riƙe matarsa. Ra'ayina shi ne: asalin wannan sharaɗi ba baƙo ba ne a wurinmu, amma ma'aunin da wasu ƙasashe suka yi masa akwai rashin adalci a cikinsa. Kuma tunda ba mu da ikon sauya dokarsu, wajibi ne mu sauya lokacin da muke yin tambaya.

Birtaniya: albashin mutum ɗaya

A watan Yulin 2012, lokacin Theresa May tana sakatariyar cikin gida, Birtaniya ta kafa dokar cewa ɗan ƙasa, ko mai izinin zaman dindindin, ba zai kawo matarsa ko mijinta daga waje ba sai yana samun fam 18,600 a shekara. Haka adadin ya tsaya har zuwa 11 ga Afrilun 2024, ranar da aka ɗaga shi zuwa fam 29,000. Gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta yi niyyar kai shi fam 38,700, sai jam'iyyar Leba ta karɓi mulki a Yulin 2024, ta dakatar da ƙarin, ta miƙa batun ga kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan ƙaura.

Adadin kaɗai ba shi ne duk labarin ba. Idan matar tana neman bizar daga Najeriya, albashinta na nan ba ya shiga lissafi, ko da ita malamar jami'a ce. Alƙawarin aikin da aka yi mata a can ma ba ya shiga. Mijin zai nuna takardun albashi da bayanan banki, galibi na wata shida a wurin aiki ɗaya. In albashi bai kai ba, ana iya cikewa da ajiya, amma ga yadda ake lissafin: fam 16,000 na farko ba a ƙirga su, sannan a ninka giɓin sau biyu da rabi. Wanda ba shi da albashin da za a karɓa ko kaɗan, sai ya nuna fam 88,500, kuma kuɗin ya kwana wata shida a asusunsa ko na matar. Idan muka ɗauki fam ɗaya a kan naira 2,000, kamar yadda ya yi ta kai-kawo a 2024 da 2025, wannan naira miliyan 177 ke nan. Mai karɓar mafi ƙarancin albashin Najeriya, naira 70,000 a wata, zai yi shekara 210 yana tarawa bai sayi ko gishiri ba.

Garken shanu a bayan gari, gonar fadama, rumbun gero, duk dukiya ce a Fakku, amma a teburin jami'in biza ba su da suna sai an sayar da su sun zama kuɗi a banki, da takardun da ke nuna asalinsu. Bayan wannan akwai kuɗin neman bizar, fam 1,938 a 2025, da harajin kiwon lafiya na fam 1,035 a kowace shekara, wanda ake biyan na shekara uku tun kafin a hau jirgi. Jimilla ta haura fam 5,000, wato kusan naira miliyan 10. Ga jarrabawar Turanci, ga gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, ga zirga-zirgar Abuja ko Legas.

A lura kuma: wanda yake can da bizar aiki ko ta karatu yana ƙarƙashin wata doka ce daban. Tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba su da damar kai iyali, sai masu digirin bincike, kuma tun 11 ga Maris na wannan shekarar aka rufe ƙofar ga sababbin masu aikin kula da tsofaffi. Mai irin wannan biza, komai kyan niyyarsa, ba shi da takardar da zai aiko.

Amurka: an yarda da dangi, amma da igiya a wuya

Tsarin Amurka ya samo asali ne daga dokar shige da fice ta 1996. Mai kawo matarsa zai sa hannu a takardar rantsuwar ɗaukar nauyi, wadda aka sani da I-864, ya nuna cewa samunsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya. A 2025, ga gida mai mutum biyu, wannan ya ɗan haura dala 26,400 a shekara, kuma yana ƙaruwa da yawan mutanen gidan. In samun bai kai ba, ɗan ƙasa zai iya cikewa da kadarar da darajarta ta ninka giɓin sau uku. Mafi muhimmanci, Amurka ta yarda wani mutum daban, ɗan ƙasa ko mai katin zaman dindindin da ke zaune a can, ya tsaya a matsayin mai ɗaukar nauyi na biyu.

Wannan ya fi kusa da yadda muke rayuwa, domin mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a nan ne 'yan'uwanmu suke yin sakaci. Takardar ba shaidar hali ba ce, yarjejeniya ce da kotu ke tilasta cikawa. Nauyin ba ya sauka sai wanda aka kawo ya zama ɗan ƙasa, ko ya tara aikin zango 40, wato kimanin shekara goma, ko ya bar ƙasar gaba ɗaya, ko mutuwa ta raba. Saki ba ya cikin jerin. Matar da aka saka tana iya kai tsohon mijinta ƙara, ko kawun da ya sa hannu don kunya, ta nemi a riƙe ta a kan wancan ma'auni. A fiƙihun da muka tashi a cikinsa, ciyar da matar da aka saka yana ƙarewa da cikar idda. A Amurka sa hannu ɗaya yana iya bin mutum shekaru bayan an manta da ranar biki.

Akwai kuma wani tarko da ya shafe mu kai tsaye. Dokar Amurka ba ta ɗaukar auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wuri ɗaya ba, sai idan sun tare daga baya. Mu kuwa waliyyi da wakili ne ke ɗaura aure, wani lokaci ango yana wata nahiya. Aure ne ingantacce a shari'a, amma a wurinsu bai cika ba sai an nuna cewa ma'auratan sun haɗu bayan ɗaurin. Kuma Amurka da Birtaniya duka ba sa buɗe ƙofa ga mace ta biyu a zauna da ita tare da uwargida.

Ina adalcin yake, ina ya kauce?

Masu kare waɗannan dokoki suna da hujja, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji ta ba. Suna cewa ƙasa tana da haƙƙin hana wani ya kawo iyali ya ɗora wa masu biyan haraji. Bahaushe ne ma ya fi cancanta ya fahimci wannan. Kafin a ba da yarinya, iyaye kan yi bincike: mece ce sana'arsa, ina zai ajiye ta? A wurin ɗaurin aure ana ambaton ci da sha da sutura da muhalli a gaban shaidu. Mazhabar Malikiyya ta ba mace damar zuwa gaban alƙali ta nemi a raba aure idan miji ya kasa ciyar da ita. Don haka cewa “nuna mana za ka iya riƙe ta” ba cin fuska ba ne.

Inda aka kauce shi ne wajen ma'auni. Nafaƙa a shari'a tana bin halin miji da al'adar gari: talaka ya ciyar gwargwadon ƙarfinsa, mawadaci ma haka. Dokar Birtaniya kuwa layi ɗaya ta ja, ba ruwanta da cewa hayar gida a Landan ta sha bamban da ta Biradford, ba ruwanta da cewa matar tana da sana'ar da za ta kama aiki da ita da isarta. Masu nazarin ƙaura a Jami'ar Oxford sun ƙiyasta cewa kusan rabin ma'aikatan ƙasar ba sa samun fam 29,000. Ke nan rabin masu aiki tuƙuru ba su isa su zauna da wanda suka aura daga waje ba. Hujjar kare baitulmali ma tana da rauni, tunda matar da ta shigo da wannan biza an hana ta tallafin gwamnati har sai ta sami zaman dindindin, galibi bayan shekara biyar, kuma ta riga ta biya kuɗin asibitinta. A Fabrairun 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce sharaɗin bai saɓa doka ba a asalinsa, amma ta sami gwamnati da gazawa wajen la'akari da maslahar yara.

Kuma ba dole ne a yi haka ba. Kanada, a galibin lokuta, ba ta gindaya wani adadin albashi ga mai kawo matarsa. Tana sa shi ya ɗauki alƙawarin riƙe ta shekara uku, in ta karɓi tallafin gwamnati a wannan tsakani shi zai biya. An kare baitulmali, ba a raba iyali ba. Kada kuma mu ɗauka Turawa kaɗai ke auna aure da kuɗi. Tun Yulin 2017 Saudiyya ta sa wa baƙin ma'aikata haraji a kan kowane mutum na iyalinsu, daga riyal 100 a wata har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya uku zai biya riyal 19,200 a shekara don kawai su kwana a ɗaki ɗaya da shi.

Abin da ke hannunmu

Majalisar Birtaniya ba za ta saurari waliyyin da ke Fakku ba, amma angon zai saurare shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Binciken da ake yi kafin aure ya kamata ya ƙunshi sababbin tambayoyi, kuma 'yan bokon dangi ne ya kamata su yi su: wace irin takardar zama yake da ita? Tana ba shi damar kai mata? Nawa ne samunsa a takarda, ba a baki ba? In bai kai ba, yaushe zai kai? Mun iya tambayar asalin kakan mutum, amma muna jin nauyin tambayar albashinsa, alhali albashin ne zai yanke ko yarinyar za ta tare a wata tara ko a shekara huɗu.

Na biyu, a sanya wa jira iyaka, a kuma faɗa a gaban shaidu: ina za ta zauna, wa zai ciyar da ita, sau nawa zai zo gida, me za a yi in an hana bizar. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya taƙaita tsawon zaman mayaƙa nesa da matansu saboda sanin cutarwar da ke cikin doguwar rabuwa. Kuɗin da ake turowa ta waya yana sayen shinkafa, amma ba ya zama miji. Kuma lokacin jiran kada ya tafi a banza: a bar ta ta ci gaba da karatu, ta koyi Turancin da za a jarraba ta a kansa, a yi mata fasfo da takardar aure masu suna da ranar haihuwa iri ɗaya.

Na uku, a guji dabarar ranto kuɗi a zuba a asusu don a burge jami'i. Birtaniya tana karɓar kyautar dangi idan kyauta ce ta gaskiya, ba ta karɓar bashi, kuma tana bin diddigin inda kuɗi ya fito. A Amurka, ƙarya a kan muhimmin bayani tana iya jawo haramcin shiga na dindindin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma sunan amarya ne ke kan takardar, ba na dillalin da ya ba da shawara ba.

A ƙarshe, a tuna cewa cika sharaɗin kuɗi ba ya sayen tabbas. A farkon 2020 gwamnatin Trump ta dakatar da yawancin bizar ƙaura ga 'yan Najeriya, har sai da Biden ya soke matakin a Janairun 2021. Ƙofar da siyasa ke buɗewa, siyasa na iya rufe ta. Auren da ba zai iya rayuwa ba sai da biza, an gina shi ne a kan izinin wanda bai halarci ɗaurinsa ba. Saboda haka tambaya ta ƙarshe da waliyyi zai yi wa mai neman 'yarsa ita ce mafi nauyi: in sun hana ta zuwa wurinka, kai za ka dawo wurinta?