Jirgin Shata Mai Inji Biyu da Matuƙan da Ke Zaman Jira

Duk shekara Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da takwararta ta Ilori suna yaye matasa masu lasisin tuƙin jirgin kasuwanci. Mai irin wannan lasisi yakan fito da awa 200 ko kusa da haka a sararin sama, bayan iyayensa sun kashe dukiya mai yawa. Daga nan sai ya tarar kamfanonin sufuri sun fi son wanda ya tara awoyi masu yawa, shi kuwa ba shi da inda zai tara su.

A Amurka ma ana buƙatar awoyi. Bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a 2009, an tsaurara doka, har daga 2013 aka wajabta wa mataimakin matuƙi a kamfanin fasinja awa 1,500 a mafi yawan lokuta. Amma can matashi yana da inda zai tara su, ta koyarwa da jigilar kaya da ƙananan jiragen shata. A nan kuwa harkar shata ta koma hannun jiragen alfarma na attajirai da jirage masu saukar ungulu na kamfanonin mai. Ra'ayina shi ne ƙananan jirage masu inji biyu za su iya cike wannan giɓi, muddin an zaɓi wanda ya dace da ƙasarmu.

Beechcraft Baron 58 yana da kujeru shida, yana gudun kusan kilomita 370 a awa. Piper Seneca ma kujeru shida ne, bai kai Baron gudu ba, amma farfelolinsa biyu suna juyawa ta fuskoki mabambanta, abin da ke sauƙaƙa riƙe jirgin idan inji ɗaya ya mutu. Matsalarsu ɗaya ce: dukansu fetur ɗin jirgi na musamman suke sha, wato avgas, mai tsada da wuyar samu a filayen jiragen Afirka ta Yamma. Ƙarancin man zai sa su yawan zama a ƙasa, matuƙinsu kuwa ba zai tara awoyi ba.

Diamond DA42 na ƙasar Ostiriya yana shan Jet A-1, man da manyan jirage ke sha a Kano da Abuja, kuma kaɗan yake sha. Illarsa ita ce kujeru huɗu kacal, shi ya sa ya fi dacewa da horo. Ɗan'uwansa DA62 yana ɗaukar mutum har bakwai da irin wannan man, don haka shi nake ganin ya fi cancanta ga mai son fara shata tsakanin Abuja da Sakkwato ko Yola.

Wasu za su ce Cessna Caravan mai inji ɗaya ya fi ɗaukar kaya, kuma shi ma Jet A-1 yake sha. Gaskiya ne, kuma inji biyu ba laya ba ne: ƙaramin jirgi da ya rasa inji ɗaya yakan rasa kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin hawansa, zafin Maiduguri a watan Afrilu kuma yana ƙara rage shi. Sai dai awoyin inji biyu su ne kamfanonin fasinja suke daraja wa a takardun matashi.

Saboda haka ya kamata Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta duba yadda ƙaramin kamfani mai jirgi biyu ko uku zai samu izinin aiki cikin sauƙi, ba tare da an sassauta ƙa'idojin kariya ba. Gwamnonin da ke tura ɗalibai Zariya kuma su tambayi kansu inda yaran za su yi aiki kafin su biya kuɗin makaranta.