Kukan Yara Da Dare A Gidajenmu Na Jazira

Tun da jama'armu suka fara komawa Wad Madani da ƙauyukan Jazira, bayan sojoji sun karɓe birnin a Janairun 2025, akwai kukan da ke yawan zuwa zaurukan dattawa a bayan maganar gonaki da dukiyar da aka wawashe: ƙananan yara ba sa barci. Jaririn da aka goya aka gudu da shi Sinnar ko Gadarif a Disambar 2023, sa'ad da dakarun RSF suka shiga gari, yau ya yi wayo, amma yana firgita cikin dare ya ƙanƙame uwarsa. Maigida ya gaji, uwa ta fi shi gajiya.

Shawara biyu muke ji ana ba iyaye, kuma ba mu gamsu da ko ɗaya ba. Ta farko ta waya take shigowa: a bar yaro ya yi ta kuka shi kaɗai har ya saba. An fi danganta ta da likitan Amurka Richard Ferber da littafinsa na 1985, ko da yake, don adalci, shi cewa ya yi a riƙa leƙa yaron lokaci-lokaci, kuma yana magana ne kan lafiyayyen yaro mai ɗakinsa a gidan da ke zaune lafiya. Ɗan da ya ji rugugin igwa yana bayan uwarsa halinsa daban ne. Ta biyu tamu ce ta gida: kada a sangarta shi, a yi masa tsawa, ko a ɗura masa maganin mura mai sa barci. Wannan na ƙarshe haɗari ne tsantsa, domin irinsa na iya danne numfashin yaron da bai kai shekara biyu ba.

Farkawar dare a kanta ba cuta ba ce. Barcin jariri yana juyawa kusan kowace sa'a guda, na babba kuwa sa'a ɗaya da rabi. A ƙarshen kowane juyi yakan taso sama-sama. In ya ji ɗumin jiki da muryar da ya sani, sai ya koma. Yaro bai iya kwantar da tsoronsa da kansa ba tukuna, a jikin babba yake koyo, dare bayan dare.

Iyayenmu sun san haka ba tare da littafi ba. Matan da suka biyo ayarin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka tsinci auduga a gonakin Jazira, da goyo suka yi. Ko inda kunyar ɗan fari ta hana uwa rarrashi a gaban mutane, akwai kaka, akwai goggo, akwai kishiya. Waɗannan hannaye ne yaƙi ya warwatsa: kaka tana Kasala, goggo tana Masar, uwa ta rage ita kaɗai a kan angarib.

Saboda haka maganarmu ga maza take. Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Babu faɗuwar girma ga magidanci ya saɓa ɗansa a kafaɗa ya zaga tsakar gida har uwar ta runtsa.

Muna kuma roƙon a sassauta yaye irin na dare ɗaya, wanda ake shafa ɗaci a nono a kai yaro wani gida. Wanda ya riga ya rasa gida sau ɗaya, a yaye shi sannu a hankali, yana ganin uwarsa. Jariri a kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro; in kukan ya zo da zazzaɓi, a nufi asibiti tun da asuba.