A Sake Buga Tsofaffin Zanen Barkwanci

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon jaridarku ta ware shafi ɗaya a mako domin sake buga tsofaffin zanen barkwanci na Hausa, irin su Sauna Jak da aka buga a Zariya. Tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, Abubakar Imam yana editanta, Bahaushe ya saba karanta jarida a majalisa, ɗaya na karantawa saura na sauraro. Zane kuwa ba ya bukatar mai karanta wa wani. Dillalin shanu a Karar Wudil ranar Juma'a, ko bai yi boko ba, da ya ga an zana mai muƙami da ƙaton tumbi kusa da talaka mai yagaggiyar riga, ya gane inda aka dosa.

Wasu za su ce zamani ya wuce, matasa sun koma Facebook da TikTok. To ai can ɗin ne zanen Mustapha Bulama na Daily Trust ke yawo daga waya zuwa waya, alamar kasuwar ba ta mutu ba. Masu cewa barkwancin dā ya tsufa kuma, su duba abin da ake yi wa shaguɓe: cin hanci, tsadar abinci, alkawarin 'yan siyasa. Wanne aka daina?

Matsalar gaske ita ce takarda, domin gara da damshi ba sa jira. A tura wakili Arewa House da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, a ɗauki hoton abin da ya rage, a nemi izinin masu haƙƙi, sannan a buga.

Naku,
Mai karatu daga Wudil