Sharhi: Na'urar Farfaɗo da Zuciya Ba ta Mai Hayyacinsa Ba Ce

Tun daga ranar 8 ga Maris, 2020, da ɗan wasan ƙungiyar Nasarawa United, Chineme Martins, ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Lafiya ana karawa da Katsina United, ya kuma rasu, kiraye-kiraye suka ƙaru na a samar da na'urar farfaɗo da zuciya, wadda ake kira AED a taƙaice, a wuraren taruwar jama'a. Kiran ya ƙara ƙarfi bayan 12 ga Yuni, 2021, lokacin da zuciyar Christian Eriksen na ƙasar Denmak ta tsaya a tsakiyar fili, aka ceto shi da dannar ƙirji da wannan na'ura, har ya koma taka leda a 2022.

Wannan kira abin a yaba ne. Sai dai akwai ruɗanin da ya wajaba a kawar wa al'ummar ƙananan hukumomin Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa, musamman shugabanni masu yanke shawarar abin da za a sayo wa cibiyoyin lafiya. A bakin jama'a, kalmar "bugun zuciya" ta haɗe larurori biyu mabambanta, kuma kowace da irin taimakon da take buƙata.

Ta farko ita ce toshewar jijiyar da ke kai wa naman zuciya jini. Misalinta kamar injin ban-ruwa ne da tiyon mansa ya toshe: yana aiki, amma yana shaƙewa. Mai wannan larura yana cikin hayyacinsa, yana magana, yana kukan nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji wanda kan sauka hannun hagu, ko ya hau wuya da muƙamuƙi, tare da gumi mai sanyi, tashin zuciya da sarƙewar numfashi. Ga mata da tsofaffi da masu ciwon suga, alamun kan zo da sauƙi har a ɗauka gyambon ciki ne.

Ta biyu kuwa ita ce tsayawar zuciya, inda tsarin lantarkin da ke daidaita bugawarta ya rikice, ta daina harba jini. Nan take mutum zai faɗi, ba ya amsa kira, ba ya numfashi ko kuma yana shaƙuwa jefi-jefi. Domin wannan hali kaɗai aka ƙera na'urar. Idan an manna faifanta biyu a ƙirji, takan auna bugawar zuciyar da kanta, ba ta kuma ba da umurnin sakin wuta sai ta ga irin rikicewar da wutar ke gyarawa.

Saboda haka, ba a manna wa mai magana da numfashi wannan na'ura. Ba ta buɗe jijiyar da ta toshe, motsin majiyyaci kuma na iya ruɗa awonta. Babbar asarar ita ce lokacin da za a ɓata a kanta, alhali naman zuciya yana mutuwa da kaɗan-kaɗan.

Abin da ya dace shi ne a zaunar da majiyyaci ya jingina, a sassauta masa tufafi, a hana shi tafiya da ƙafa ko tuƙa babur. A kira lambar gaggawa ta ƙasa, 112, a lokaci guda kuma a nemo mota ba tare da jira ba. Idan ba ya da gyambon ciki ko zubar jini, kuma asfirin bai taɓa yi masa illa ba, ana iya ba shi ƙwaya ɗaya mai miligiram 300 ya tauna. Daga nan sai babban asibiti mafi kusa, kamar na Kazaure ko na Ɓaɓura, inda likita zai duba shi ya yanke shawarar tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano idan da buƙata. In akwai na'urar, a tafi da ita a motar, domin toshewar jijiya na iya rikiɗewa ta zama tsayawar zuciya a hanya.

Idan hakan ta faru, sai a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6, a kunna na'urar a bi umurninta, kowa ya ɗauke hannu lokacin sakin wuta. Kada a ɗura masa ruwa ko manja ko wani jiƙo, domin zai gangara cikin huhu.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai, darasin a bayyane yake. Na'urar da aka kulle a kabad, batirinta ya mutu, faifanta ya wuce wa'adi, ba kuma wanda aka koya wa aiki da ita, ba ta ceton kowa. Kafin sayenta, a horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani, malaman makaranta, direbobin tasha da shugabannin kasuwa yadda ake bambance larurorin biyu. Hakazalika, kowace gunduma ta san motar da za a kira da tsakar dare, kamar yadda shirin Haihuwa Lafiya ya nuna wa jihar nan amfanin tanadin mota ga mata masu naƙuda.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Bincike ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya na da hawan jini, da yawa kuma ba su sani ba. Awonsa minti biyu ne a cibiyar lafiya mafi kusa. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.