Manhaja Ba Aikin Mutum Ɗaya Ba Ce

Idan mai karatu bai manta ba, a farkon shekarar 2023, lokacin da aka sauya fasalin Naira har takardun kuɗi suka yi ƙaranci, 'yan kasuwarmu na Agege da Mile 12 sun ɗanɗana kuɗarsu. Mai sayen rago ya tura kuɗi ta waya, an cire daga asusunsa, mai rago kuwa bai ga ko kwabo ba, har rana ta faɗi ana jayayya. Jama'a sun ɗora laifin a kan netwok. Amma bayan kowace irin wannan hulɗa akwai manhajar da wasu mutane suka rubuta, kuma ingancinta ya danganta da irin horon da suka samu tun suna makaranta.

A nan Isolo akwai harabar tsohuwar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Legas, wadda aka ɗaga darajarta zuwa jami'a a 2022. Ita da takwarorinta na Akoka da Zariya da Kano su ne ke yaye matasan da bankuna da kamfanoni za su danƙa wa amanar kuɗin jama'a. Don haka yadda ake koyar da rubuta manhaja batu ne na tattalin arziki.

Abin da ya zama ruwan dare a makarantunmu shi ne a auna ɗalibi shi kaɗai. Ya rubuta ɗan gajeren shiri, wani lokaci ma a kan takarda, malami ya ba shi maki, shi ke nan. Idan kuwa aka ba da aikin rukuni, kowa ya san yadda ake yi: mutum ɗaya ya kwana yana aiki, sauran biyar su haɗa kuɗin buga rahoto, sunan kowa ya fito a bango. Wanda ya yi aikin bai koyi sauraron gyara ba, sauran kuma ba su koyi komai ba.

A wurin aiki lamarin ba haka yake ba. Sabon ma'aikaci yakan tarar da dubban layukan da wasu suka rubuta, wasunsu ma sun daɗe da barin kamfanin. Dole ya karanta ya fahimta, ya gyara ba tare da ya ɓata wani sashe ba, sannan wani ya duba aikinsa kafin a sake shi. Tun a 1975 Fred Brooks, tsohon ma'aikacin kamfanin IBM, ya yi gargaɗin cewa ƙara ma'aikata a aikin manhaja da ya makara yana ƙara masa jinkiri ne. Lissafin a fili yake: tsakanin mutum 5 akwai hanyoyin tuntuɓa 10, tsakanin mutum 10 kuwa 45. Haɗa kai fasaha ce da sai an koya.

Sakaci a nan yana da tsada. Ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin minti 45 kacal. Dalili? An ɗora sabuwar manhaja a kan na'urori bakwai, aka manta da ta takwas, kuma babu mutum na biyu da ya bi sawun aikin. A ɗaya ɓangaren, Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Babcock, sun haɗa gwiwa suka kafa Paystack a Legas a 2015, kamfanin Stripe ya saye shi a 2020 kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200.

Wasu malamai za su ce babu wuta, na'urori ba su isa ba, ɗalibai kuma sun fi ƙarfin malami. Wannan gaskiya ne, ba kuma ƙaramin uzuri ba ne. Sai dai Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, kyauta ne, yana kuma ajiye tarihin wanda ya rubuta kowane layi da ranar da ya rubuta shi. Da shi malami zai gane ɗan kallo cikin rukuni ba tare da ya tambayi kowa ba. Bugu da ƙari, sabon tsarin karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamba 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ƙofa a buɗe take.

A ganina, ya kamata a ware darasi guda na zango biyu, inda kowane rukuni zai gaji aikin rukunin bara, ya gyara shi, ya rubuta masa gwaji da bayani, sannan a ba da maki har a kan yadda ɗalibi ya duba aikin ɗan'uwansa. Aikin kuma ya zama na gaske. Dillalan shanu na Oko-Oba da masu goro na Agege suna da littattafan bashi da lissafin lodi da suke riƙe da hannu. Shugabanninsu za su iya kai wa makarantar Isolo wannan buƙata, ɗalibai su zo kasuwa su zauna da su, su ji yadda ake ƙirga la'ada kafin su rubuta layi ko ɗaya.