Hutun kwana biyar a Dubai: abin kallo da abin koyo

A ƴan shekarun nan, sunan birnin Dubai ya shiga bakin jama'a. Da can ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram ne ke zuwa can sarin kaya. Yau ga ma'aikata da matasa masu hali suna tara albashi don su je hutun kwana huɗu ko biyar. Wannan ba laifi ba ne, gama Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma ya kamata mai tafiya ya san abin da zai dubo.

Abin kallo kam akwai shi. Akwai benen Burj Khalifa mai tsawon mita 828, wanda aka buɗe a shekara ta 2010. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari da ke tafiya ba direba tun 2009. Akwai ma wurin wasan ƙanƙara cikin wata babbar kasuwa, a garin da zafinsa kan wuce digiri 40 da bazara. Wanda ya tsaya nan ya ɗauki hoto ya dawo, ya ga ado ne, bai ga tushe ba.

Tushen kuwa shi ne wannan. Dubai ƙaramin gari ne na masunta da masu nutso neman lu'ulu'u. Wajen shekara ta 1930 kasuwar lu'ulu'u ta faɗi, talauci ya kama mutane. Da Shaihu Rashid bin Sa'id Al Maktum ya hau mulki a 1958, sai ya ci bashi ya sa aka yashe mashigin ruwan garin don manyan jiragen kaya su shigo. An samu man fetur a 1966, aka fara sayar da shi a 1969. Sarkin ya san rijiyar ba mai zurfi ba ce, saboda haka ya zuba kuɗin cikin tashoshin jiragen ruwa: ta Rashid a 1972, ta Jabal Ali a 1979. A 1985 aka kafa kamfanin jiragen sama na Emirates. Yau fatauci da sufuri da baƙi ne ke riƙe da garin, rabon man fetur kaɗan ne. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Sai dai kada ƙyalli ya rufe ido. Yawancin ruwan da ake sha a can ruwan teku ne da injuna ke cire masa gishiri, aiki mai cin wuta da kuɗi. Galibin mazauna garin baƙi ne, kuma leburorin Indiya da Pakistan da Bangaladesh ne suka ɗora benayen nan cikin rana. A 2009 bashi ya danne Dubai, sai da Abu Dabi ta agaza mata da dala biliyan 10. Gini na bashi, ko na sarki ne, yana da ranar biya.

Saboda haka akwai gargaɗi biyu. Na farko, kada magidanci ya ci rance ko ya sayar da gona don hutun kwana biyar. Na biyu, bizar yawon buɗe ido ba ta ba mutum iznin aiki, kuma wanda ya wuce wa'adinta zai biya tara ta kowace rana. Matashin da wani ya yi wa alkawarin aiki da irin wannan biza, to, ya bincika tukuna.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, akwai aikin da ya fi sayen tsaraba. Ƙasar da ke haƙo uraniyum a Arlit tun 1971, take tace mai a Damagaram tun 2011, tana da tambayar da Shaihu Rashid ya yi wa kansa: in ma'adinin ya ƙare, me za a bar wa ƴaƴa? Ma'aikacin da ya je Dubai, ya keɓe yini ɗaya ya dubi yadda ake sallamar kaya da takardu ba jinkiri. Wannan tsarabar ba ta cika akwati, amma ita ce ƙasa ke bukata.